Tambaya da Amsa: Yafe Kuɗin Hayar Zauren Hukuma Domin Taron Tsara Sufuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a sashen tara kuɗin shiga na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birnin Kano, kuma hayar zauren taro na sakatariyarmu tana cikin abubuwan da ke hannuna. Wani kwamiti da ya haɗa jami'an jiha da na ƙananan hukumomin da muke maƙwabtaka da su ya rubuto yana neman zauren na kwana biyu, domin taron bita a kan tsarin sufuri na birni da kewayensa, kuma ya roƙi a yafe masa kuɗin haya. Maigidana ya ce mini da baki in ba su makulli, wai ai aikin gwamnati ne. Ni kuwa ina jin tsoron ranar da masu binciken kuɗi za su zo su tarar an yi amfani da zaure babu rasit. Shin yafewar ta dace, kuma wa yake da ikon yin ta? *Daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, Kano.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yafewar tana iya dacewa, amma umarnin baki bai isa ya tabbatar da ita ba, kuma tsoron da kake ji yana bisa hanya.

Dalilin da ya sa na ce tana iya dacewa shi ne ƙaramar hukumarku ba baƙuwa ba ce a cikin wannan magana. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa tashoshin mota da kasuwanni da kula da su, da gina hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi na cikin yankinsu, da ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale, sannan ya ba su damar miƙa wa jiha shawarwari a kan bunƙasa tattalin arziƙi gwargwadon yadda abin ya shafi yankinsu. Saboda haka idan aka zauna domin a tsara inda motoci za su riƙa lodi, da titin da za a faɗaɗa, da hanyar da manyan motoci za su riƙa bi, aikinku ake yi a cikin zaurenku, kuma ba abin mamaki ba ne mai aiki ya ba da wurin da za a yi masa aikinsa.

Haka kuma sufuri a Kano ba abu ne da ƙaramar hukuma ɗaya za ta iya tsarawa ita kaɗai ba. Birnin ya ƙunshi ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar, wato Birni da Kewaye, da Fagge, da Dala, da Gwale, da Tarauni, da Nasarawa, da Ungogo, da Kumbotso, kuma fasinja ba ya sanin lokacin da ya fita daga wata ya shiga wata. Wanda ya hau Adaidaita Sahu a Rijiyar Zaki zai je Kantin Kwari ya tashi ne daga Ungogo ya sauka a Fagge, bayan ya ratsa wata ƙaramar hukumar a tsakani. Manyan motocin da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau suna lodi ne a Dawakin Tofa, wadda ba ta ma cikin takwas ɗin, amma cunkoson da suke haddasawa a hanyar Katsina mutanen cikin birni ne ke shan sa. Tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kayan jiragen ruwa a kan tudu, da aka buɗe a Janairun 2023 tana Zawaciki ne a Kumbotso, layin dogon Kano zuwa Maraɗi kuwa, mai tsawon kilomita 284 wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, idan ya kammala zai sauya yadda kaya da mutane ke shigowa birnin daga Kazaure da Daura da Katsina da Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya dubi waɗannan zai ga cewa zaman haɗin gwiwa irin wanda kwamitin ya nema ba ɓata lokaci ba ne, matuƙar an yi shi da gaske.

To, amma yafe kuɗin haya kashe kuɗi ne, ko da yake ba a ga naira ta fita daga asusu ba, kuma a nan ne maigidanka ya yi sakaci. Kuɗin hayar zaure kuɗin jama'a ne tun kafin a karɓe shi, domin da shi ake sa ran gyara rufi da sayen kujeru da biyan masu shara, kuma wanda ya bar shi ya bar abin da ba nasa ba ne. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce wanda ya yanka kuɗin shi ne yake da ikon ɗauke shi. Ka nemo takardar da ta kafa farashin hayar zaurenku, ko dokar ƙaramar hukuma ce, ko shawarar zaman majalisa, ko ta kwamitin kuɗi. Idan takardar ta ba shugaban ƙaramar hukuma ko wani jami'i ikon yin rangwame, to wannan jami'in ne zai sa hannu a rubuce, ya faɗi dalili. Idan ba ta ba kowa wannan iko ba, sai a mayar da maganar ga waɗanda suka yanka farashin, su zauna su amince, a rubuta a cikin bayanin zamansu. Ba ina ce maka ka yi wa maigidanka tsaurin ido ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta masa 'yar gajeriyar takarda cikin ladabi, ka liƙa wasiƙar kwamitin a jikinta, ka bayyana kwanakin da aka nema da adadin kuɗin da za a bari, ka roƙi amincewarsa a rubuce ko umarninsa na a tura gaba. Mai gaskiya ba zai ƙi sa hannu a kan abin da ya riga ya faɗa da baki ba, idan kuwa ya noƙe, to ka gane cewa da kai aka so a bar nauyin.

Bayan an amince, kada ka bar shafin waɗannan kwanaki biyu fayau a littafin haya. Ka rubuta sunan kwamitin, da cikakken kuɗin da ya kamata a biya, da cewa an yafe, da lambar takardar amincewa da kwanan watanta. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha ba ya tuhumar ma'aikaci don an yi rangwamen da ke da takarda. Abin da ke jawo tuhuma shi ne zaure ya yi aiki, littafi ya yi shiru, domin daga waje babu yadda za a bambance yafewa ta gaskiya da kuɗin da aka karɓa aka sa a aljihu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin bai tafi da sauri ba, idon jama'a ya ƙara komawa kan littattafan ƙananan hukumomi, kuma irin waɗannan ƙananan giɓi su ne ake fara kamawa.

Akwai kuma wani rabe-rabe da nake ganin ya fi komai amfani gare ka. Abin da ake kira kuɗin haya ya haɗa abu biyu ne. Na farko ladan zama a cikin ginin, wanda ba a yi asararsa da gaske sai idan akwai wani mai biya da aka hana saboda taron. Na biyu kuɗin da dole sai an fitar daga aljihu a ranar, wato man janareta, da ladan masu shara da masu gadi, da ruwan banɗaki, da gyaran abin da aka lalata. Na farkon ana iya yafe shi cikin sauƙi, musamman idan aka sa taron a tsakiyar mako, tunda daga Juma'a zuwa Lahadi ne masu biki da walima suke neman zaure, kuma a waɗannan ranaku ne yake kawo kuɗi. Na biyun kuwa shawarata ita ce kada a yafe shi, domin janareta ba ya shan takardar amincewa, kuma idan kwamitin bai sayi mai ba, daga wani sashen kasafin ƙaramar hukuma za a ciro shi, ko kuma a bar ƙaramin ma'aikaci yana bin bashin da ba ranar biya. A ce wa kwamitin ya kawo mansa, ya biya masu shara, ya ajiye wani abu da za a mayar masa idan ya bar zauren lafiya.

Kafin a sa hannu kuma, a yi wa kwamitin tambaya guda wadda mutane ke jin nauyin yi: shin a cikin kasafin taron an riga an ware kuɗin wuri? Taruka da yawa irin wannan suna da tallafin ma'aikata ko na hukumomin ba da agaji na ƙasashen waje, kuma kuɗin zaure yana cikin abubuwan farko da ake rubutawa a kasafinsu. Idan an ware kuɗin sannan aka yafe, to sun rage a hannun wani, kuma ba abin mamaki ba ne a zo daga baya ana roƙonka rasit na kuɗin da ba ka karɓa ba domin a cike lissafi. Kada ka kuskura ka bayar. Kwamitin da yake da kuɗin wuri ya biya, wanda ba shi da shi ya faɗa a rubuce.

A Amurka, inda tun dokar manyan hanyoyi ta 1962 aka wajabta wa duk yankin birni mai mutane fiye da 50,000 ya riƙa tsara sufurinsa ta hanyar haɗin gwiwa kafin ya samu kuɗin hanyoyi daga gwamnatin tarayya, hukumomin yanki suna rubuta tsari na aƙalla shekara 20, kuma doka ta tilasta musu jin ra'ayin jama'a. Don haka sukan nemi zaurukan garuruwa domin tarukansu, kuma a garuruwa da dama buƙatar yafe kuɗin takan bayyana a jerin abubuwan da majalisar gari za ta tattauna, da adadin kuɗin a rubuce, a kaɗa mata ƙuri'a a zaman da kowa ke iya halarta. Sau da yawa kuɗin ba shi da yawa, amma ana bin wannan hanya. Abin da ya kamata mu ɗauka daga gare su ke nan, ba don sun fi mu tsoron Allah ba, sai don sun gane cewa abin da aka yafe a bainar jama'a yana da wuya a sake karɓarsa a ɓoye.

Tambaya: Ni shugabar wata ƙungiyar mata masu ƙananan sana'o'i ce, kuma duk lokacin da muka nemi zauren ƙaramar hukuma domin koyar da sana'a sai mun biya har da kuɗin kujeru. Na ji ana ba jami'an gwamnati zaure kyauta idan za su yi taron bita, alhali suna da albashi da alawus. Ina adalci a nan? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: Hajiya, ƙorafinki yana da tushe, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba na son a riƙa yafewa ta hanyar sanayya. Ma'aunin da ya dace ba wanda ya nemi zauren ba ne, sai abin da za a yi a cikinsa. Taron da aka buɗe wa kowa, ba a karɓar kuɗin shiga, ba na jam'iyya ba ne, ba na kasuwanci ba ne, kuma amfaninsa zai koma ga mutanen yankin, ya cancanci rangwame ko jami'ai ne suka shirya shi ko ƙungiyar mata. Taron da jami'ai za su rufe ƙofa su saurari jawabai su raba alawus su watse bai fi naku cancanta ba, kuma a ganina bai ma kai naku ba.

Ku rubuta wa ƙaramar hukumar takarda ta neman rangwame, ku bayyana yawan matan da za su amfana da cewa ba ku karɓar kuɗi a hannunsu, idan haka ne, ku ba kansilan mazaɓarku kwafi. Ku roƙi a sanar da ku sharuɗɗan da ake bi wajen yafewa. Idan babu su a rubuce, wannan kansa abin da za ku nemi kansilan ya gabatar wa majalisa ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani daga hukuma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa.

Tambaya: Allah ya ƙara basira. Ni sakataren wani reshe ne na masu tuƙa Adaidaita Sahu. An aiko mana da takardar gayyata zuwa taron tsara sufuri, an ce zauren ma kyauta aka ba su don talakawa su samu halarta. 'Yan'uwana suna cewa ɓata lokaci ne, an riga an gama shirya komai, mu dai ana so mu cika kujeru ne a ɗauki hoto, ga shi kuma duk wanda ya ajiye mashin yini guda sai ya nemo balas, wato kuɗin da ake ba mai mashin kullum, daga aljihunsa. Mu je ko mu bari? *Daga wani direban Adaidaita Sahu.*

Amsa: Amin, Malam. Ku je, amma ba dukkanku ba, kuma ba hannu rabbana ba.

Zargin 'yan'uwanka ba daga sama ya faɗo ba, domin sun ga yadda manyan shawarwarin sufuri suka riƙa sauka a kansu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni, kuma cikin 'yan kwanaki dubban matasa suka rasa sana'a, daga nan ne ma Adaidaita Sahu ta zama babbar hanyar zirga-zirgar birnin. Wannan shawara ce ta tsaro da aka yanke cikin gaggawa, ana iya yi mata uzuri. Amma a Fabrairun 2021 kun tafi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, a Janairun 2022 kuka sake tafiya a kan kuɗin sabunta takardar izini, kuma a duka lokutan biyu ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa sun taka sayyada a titunan Kano kafin a zauna a sasanta. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka sanar da hana ku bin wasu manyan hanyoyi, ba a jima ba aka janye saboda koken jama'a. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan ukun, zaman da aka yi bayan rikici ya ɓarke ana iya yin sa tun da fari, kuma da ya fi araha ga kowa. Taron tsara sufuri, idan na gaskiya ne, shi ne wannan zaman na tun da fari.

Misalin Legas yana da amfani a nan. Lokacin da hukumar sufurin birnin, wato LAMATA, ta fara motocin bas masu layi na musamman tsakanin Mile 12 da CMS a Maris ɗin 2008, ba ta kori ƙungiyar direbobi ta NURTW daga hanyar ba, sai aka shigo da ita ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa da ta riƙa gudanar da motocin. Hakan bai samu ba sai da aka daɗe ana tattaunawa da su. Duk wani tsarin sufuri na Kano da za a rubuta yanzu da wuya ya rasa maganar manyan bas a kan manyan hanyoyi, musamman tun da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa kuɗin mota ya zama babban nauyi a kan magidanta. Ko za a mayar da ku masu kawo fasinja daga unguwanni zuwa tashoshin bas, ko za a ba ƙungiyoyinku hannu a cikin motocin, ko kuwa za a ture ku gefe kawai, a irin wannan zaman ake fara yanke shi.

Tunda an ce an ba da zauren kyauta ne saboda talakawa, to kuna da hurumin neman a cika wannan alkawari, domin kuɗin da aka yafe na jama'a ne, ku ma kuna da rabo a ciki. Ku rubuta wa masu shirya taron tun kafin ranar, ku nemi a ba ku daftarin abin da za a tattauna, a yi bayani da Hausa ko a samar da tafinta, a kuma ware lokacin jin bakin mahalarta a wani sashe na yini da ba na neman fasinja ba ne, kamar tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da azahar, maimakon a tura shi can ƙarshe bayan manyan baƙi sun tafi. Ku tambaya ko an gayyaci 'yan dako da masu kura da matan da ke zuwa kasuwa da masu buƙata ta musamman, kuma ko mai keken guragu zai iya shiga zauren, tunda dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya riga ya cika. Yadda aka amsa muku waɗannan zai nuna muku irin taron tun kafin ku ajiye mashin.

Game da balas, ba sai reshe duka ya tsaya da aiki ba. Ku zaɓi mutum uku ko huɗu waɗanda suka san hanyoyi kuma suka iya magana a gaban manya ba tare da fushi ba, ƙungiya ta biya musu balas ɗin ranar daga asusunta. Su tafi da takarda a rubuce mai ɗauke da abin da babu injiniyan da ya san shi kamar ku: mahaɗar da ke cushewa da safe da wadda ke cushewa bayan la'asar, inda ruwa ke tare hanya da damina, unguwannin da fasinja ke daɗewa bai samu abin hawa ba, wuraren da babu inda za a tsaya a sauke mutum ba tare da an kama direba ba, da jimlar kuɗaɗen da kuke biya a rana da sunan wanda ke karɓar kowanne. Su miƙa kwafi ɗaya ga sakataren taron, a buga musu hatimi a kan nasu, su kuma nemi a faɗa a gaban kowa ranar da za a fitar da rahoton taron da ofishin da za a je a karɓe shi. Idan ranar ta zo rahoto bai fito ba, ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar da ta ba da zauren, ku liƙa kwafin takardarku mai hatimi, ku tambaye shi abin da aka samu a madadin kuɗin da aka yafe.